Labarin Gobe a Jaridar Yau

An yi wani bawan Allah, Allah Ya shirye mu tare da shi, wanda duk layinsu babu mai iya tuna sunansa na gaskiya. Ɗumi-Ɗumi ake ce masa, don ko gishiri ne ya ƙare a gidansa sai ya leƙo waje ya ce, “Jama'a, da ɗumi-ɗumi!” Shekara tara ya yi yana aiki a wata 'yar jaridar mako-mako mai suna Tagar Gari. Aikinsa bai wuce karɓar sanarwar ɓatan takardu da cigiyar akuya ba, amma idan ka same shi a bencin shagon mai aski yana zuba, sai ka rantse shi ke gaya wa rana lokacin fitowa.

Jaridar ta mijin gwaggonsa ce, Allah Ya jiƙan rai, shi ya kafa ta ya rasu ya bar wa matarsa. Ɗaki biyu ne: na gaba mai tebur uku da fanka mai kuka kamar an taka mata wutsiya, na baya kuma inji ne a ciki da warin tawada. Ana bugawa ranar Juma'a, a fitar Asabar da safe, ranar Litinin masu sayarwa su dawo da ita a ɗaure yadda suka ɗauka, ko igiyar ba su kwance ba. Wadda ta yi sa'ar fita kuwa, a wurin mai sayar da ƙusa za ka gan ta an naɗe kaya da ita.

Ana nan sai editan ya samu aiki a gidan rediyo, ya kwashe kofinsa da dardumarsa ya yi gaba. Washegari Gwaggo ta zo da kanta, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon tulin jaridun da aka jingine har sun kusa taɓa taga.

“Ni na gaji,” in ji ta. “Mai gyaran waya na nan maƙwabta ya dame ni in ba shi ɗakunan nan ya faɗaɗa shago. Na ce ya dakata wata guda, albarkacin marigayi. Bugu huɗu na ba ku. In abin bai miƙe ba, wallahi rufewa zan yi.”

Baba mai gyaran rubutu, wanda ya shekara talatin a teburin kusurwa da jan biro a bayan kunne, ya sunkuyar da kai. Mai Inji ya hau goge hannu da tsumma. Ɗumi-Ɗumi kuwa tuni ya sulale ya zauna a kujerar edita, har yana gwada ko tana juyawa.

“Gwaggo, bugu huɗu? Ai kin yi almubazzaranci. Biyu sun ishe ni.”

“Kai ɗin?”

“Ni ɗin nan. Shekara tara an ajiye zaki yana gadin kaji, ba wanda ya lura.”

Gwaggo ta dube shi daga hula har takalmi. Ba don ta yarda ba, sai don babu wani, ta ce, “To zaki, ga ka ga kujera. Allah Ya sa kada in yi da-na-sani.”

Ko ƙurar takalminta ba ta kwanta ba ya kira taron ma'aikata, wato mutum biyu.

“Me ya kashe jarida? Waya. Abu ya faru da safe, kafin azahar kowa ya gani a tafin hannunsa, mu sai Asabar mu fito da shi ya huce. To ta ina za a riga waya? Hanya ɗaya ce tal. Ita waya sai abu ya faru take sani. Mu tun bai faru ba za mu rubuta.”

Baba ya cire tabarau. “A'uzubillahi. Duba za mu koma yi?”

“Ba duba ba ne, Baba, ƙwarewa ce. Wane taro ne a garin nan ban san yadda zai kaya ba? A zo a makare, a yi addu'a, mai girma ya yi jawabi, a tafa, a yi rububin lemo, a watse. Sai na je rana ta gasa ni kafin in rubuta wannan?”

“In kuma Allah Ya juya al'amari fa?”

“Sai mu yi gyara a bugu na gaba. Shi ma cika shafi ne.”

“Ni dai abin da ban tabbatar ba, ba ya wucewa ta teburina.”

“Yauwa, ka zo inda nake so. Teburinka shi ne matsalar. Layi ɗaya sai ka karanta sau biyu, ka buga waya ka tambayi yadda ake rubuta sunan mutum. Mutum ya ga sunansa a jarida ma ai sai godiya. Je ka gida ka huta, Baba, jikoki na kewarka.”

Baba bai ja magana ba. Ya ɗauki butarsa, ya ce, “Allah Ya ba da sa'a,” da irin muryar da ake yin ta'aziyya, ya fita.

Wannan Juma'ar da la'asar 'yan ƙwallon gari za su kara da baƙi. Tun da hantsi Ɗumi-Ɗumi ya buga wasan ya gama a kan tebur. Ya ba 'yan gida uku da nema. Ya ba wani ɗan wasa da ake kira Guguwa ƙwallo biyu, ɗaya da ka, ɗaya daga tsakiyar fili, har ya sa mai tsaron ragar baƙi ya fashe da kuka. Mai Inji ya ga an ce uku a kanun labari, huɗu a ciki, sai ya daidaita su. Da sabon edita ya gano, ɗakin ya yi masa kaɗan.

“Wa ya ce ka taɓa? Kai da aikinka danna maɓalli? Daga yau ko ƙuda ne ya mutu a kan rubutuna, ka buga shi da ƙudan!”

“An gama, ranka ya daɗe,” in ji Mai Inji. Mutum ne mai riƙe magana.

Asabar jarida ta fito. Su baƙi ashe motarsu ta lalace a hanya, ko ƙeyarsu ba a gani ba. Guguwa kuwa sati biyu ke nan ƙafarsa na ɗaure, daga babur ya faɗo. Kafin azahar jarida ta ƙare kakaf, abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin marigayi. Can sai ga Guguwa a ƙofar ofis yana dogara sanduna biyu, abokan wasansa na biye.

“Edita, godiya na zo yi. Shekara shida ina buga ƙwallo da ƙafa biyu ban taɓa cin biyu a wasa ɗaya ba, sai da na karye. Don Allah sati mai zuwa a sa ni a tseren gudu.”

Ɗumi-Ɗumi ya waiwayi Mai Inji. “Ka gani ko? Har ofis ake biyo mu da godiya. Wancan editan ya taɓa samun haka?”

Mai aski ya ƙwalo daga tsallaken titi, aska a hannu. “Edita! Gobe za a yi ruwa? Matata na son ta yi shanya.”

“Sayi jarida ka gani.”

“A'a, faɗa mini dai. In ka ce za a yi, sai ta shanya hankali kwance.”

Layi ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariyar, yana ɗaga musu hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Mako na biyu makarantar firamare za ta raba kyaututtuka, ita ma Juma'a da yamma. Wannan ko tunani bai sa shi ba. Ya ba 'yar likita ta ɗaya, tunda gidan likita ke ɗauka kowace shekara. Ya rubuta wa hedimasta jawabi mai sa hawaye. Da aka zo batun hoto sai ya jawo aljihun tebur, ya zaƙulo wani tsoho da ake miƙa wa wata yarinya littafi.

Mai Inji ya ɗaga hoton ya duba. “Edita, wannan fa...”

“Bugu aka ɗauke ka ko shawara?”

“Bugu, ranka ya daɗe.”

Asabar tun bai gama shan shayi ba matar kafinta ta faɗo ofis, mayafi a kafaɗa, takardar shaida a hannu.

“Kai ne editan? Karanta nan. Ko kai ma sai an rubuta maka tun jiya? 'Yata ta yi shekara ba ta san wasa ba, Allah Ya ba ta ta ɗaya, ka ɗauke ka kai gidan likita. Abin da suke da shi bai ishe su ba sai ka ƙara musu da namu?”

“Baiwar Allah, kwantar da hankali. Bisa ƙa'ida 'yar likita ce ya kamata...”

“Bisa ƙa'idar gidanku!”

Ba ta rufe baki ba sai ga hedimasta, shi a natse ya shigo, ya shimfiɗa jaridar a tebur ya ɗora yatsa a kan hoton.

“Wannan bawan Allah shekararsa shida da rasuwa. Ni na gaje shi. Tun safe mutane ke tururuwa gidansa suna yi wa iyalinsa barka da dawowa.”

“Hedimasta dai ai hedimasta ne,” in ji Ɗumi-Ɗumi. “Mu muƙamin muke ɗauka hoto, ba mutum ba. Kuma ku kwantar da hankalinku, duk za a gyara a shafin farko.”

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Maman yara, yau ma ta ƙare kakaf.”

“Na ji. A wurin niƙa aka ce in roƙe ka, in za ka rubuta labarin gidan nan, ka sa an gyara rufin ɗakin girki. Ko a jarida ma mu ji daɗi.”

“Ke ba ki san aikin jarida ba.”

“Alhamdulillahi. Da mun zama biyu a gida ɗaya.”

Bugu na uku rabinsa gyara ne. Ya nemi afuwar iyalan marigayi hedimasta, ya haɗa da hoton hedimasta mai rai a ƙarƙashin addu'ar Allah Ya kyautata makwanci. Ya mayar wa yarinya ta ɗayanta, amma ya ce 'yar mai walda ce. Da hantsi kafinta ya iso da zarto a hannu, wai daga wurin aiki yake, ba da wata manufa ba.

“Ina so in ji tun yaushe 'yata ta koma ta mai walda. Uwarta na gida tana kuka, shi kuma ya rufe shago ya gudu.”

Da ƙyar Mai Inji ya raba, shi ma sai da ya gama goge hannunsa tas tukuna. A tsallake kuwa mai aski ya buɗe gasa: duk wanda ya fi tsinto kurakurai a bugun mako, askinsa kyauta. Wani ɗan fansho ya tsinto ashirin da bakwai, aka yi masa har da gyaran gemu.

Ranar Litinin Gwaggo ta zo. Ba jarida ko ɗaya a jingine, amma fuskarta babu annuri.

“Gwaggo, dubi kusurwa. Wayam!”

“Na gani. Zaurena ne dai ya cika. Ban taɓa sanin garin nan na da mutane haka ba sai da ka fara rubuta su. Zauna ka ji. Shugaban 'yan kasuwa aminin marigayi ne. Ranar Asabar zai buɗe sabon tankin ruwa a kasuwa. Ya ce in aka rubuta labarin da mutunci, 'yan kasuwa za su riƙa ɗaukar shafin baya suna talla duk mako. In aka samu wannan, jarida ta rayu. In ba a samu ba, ka san sauran. Ka je da ƙafarka, ka gani da idonka, sannan ka rubuta. Ka ji ni?”

“Gwaggo, kin gama magana.”

Tana juya baya ya buga tebur. Ya je da ƙafarsa, ya rubuta, a fitar wani sati? Haba! Ai a wurin taron za a raba jaridar. Shugaba yana riƙe da almakashi, labarin yanke ƙyalle yana hannun jama'a. A nan waya za ta san ta haɗu da ubanta.

Ranar Alhamis ya zauna ya zuba labarin tun daga addu'ar buɗewa har watsewa. Inda duk bai tabbatar da abu ba, sai ya ja layi ya rubuta wa kansa 'yar tunatarwa a tsakiyar magana, da niyyar gobe da safe ya bi ya cike ya goge. Da ma can haka yake yi shekara tara, Baba ne ke bi yana sharewa ba tare da ya ce uffan ba. A makonni ukun nan kuwa bai bar gurbi ba, don ƙarya zalla ba ta bukatar tunatarwa.

Juma'a da safe tela ya aiko wai sabuwar rigar da ya ba da ɗinki hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya tafi aka yi ta cacar baki har azahar. Ya dawo ya ɓata awa guda a kan girman hotonsa da za a sa a shafi na biyu. Mai Inji ya leƙo, takarda a hannu.

“Edita, an duba wannan kuwa?”

“Abin da hannuna ya rubuta ba ya neman ido na biyu. Buga!”

“Da ƙudan?”

“Da ƙudan!”

Mai Inji ya ce bismillah, ya danna.

Asabar rana ta take, an kafa rumfa a bakin kasuwa, an jera kujerun roba. Tankin na can sama an shafe shi da shuɗin fenti, an ɗaura jan ƙyalle a jikin famfo. Shugaban 'yan kasuwa na zaune a gaba, takardar jawabinsa a kan ciki. Gwaggo na gefensa ta sha sabon mayafi. Mai gyaran waya ma ya zo, ya zauna a baya shiru kamar mai jiran gado.

Ana gama addu'a sai ga Ɗumi-Ɗumi da ɗaurin jaridu, riga na jan ƙasa. Ya haye wurin mai gabatarwa, wani malamin makaranta mai murya kamar rediyo, wanda in ka ba shi takarda zai karanta ta tsaf ba tare da ya saurari kansa ba.

“Malam, karanta wa jama'a wannan. Tarihi ne. Taron da kuke zaune a ciki, ga shi har an buga.”

Ya sauko ya shiga raba wa jama'a, layi-layi, yana cewa, “Da ɗumi-ɗumi! Wannan ko wuta ba a sauke ba!”

Mai gabatarwa ya gyara murya, lasifika ta ɗauka.

“A yau Asabar dubban jama'a, ko ba su kai hamsin ba a bar shi dubbai, suka yi dafifi a bakin kasuwa...”

Mutane suka waiwaya suna ƙirga juna. Wani ya ce, “Da mai rake mun kai arba'in.” Aka fara ƙyaƙyatawa. Ɗumi-Ɗumi na can baya yana rabo, ya ji dariya ya ce a ransa, ai ga shi tun ba a je ko'ina ba an fara jin daɗi.

“...domin shaida buɗe sabon tankin ruwa, ƙarƙashin jagorancin shugaban 'yan kasuwa, a tambayo sunansa na gaskiya, kowa Randa yake ce masa a bayan ido...”

Shugaba ya dubi cikinsa, ya dubi mataimakansa. Kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa.

“...wanda ya yi jawabi mai ratsa zuciya, inda ya ce, a zuba masa magana uku a nan, haɗin kai da tsafta da ci gaba, ai shekara goma abu ɗaya yake maimaitawa. Jama'a suka tafa, ko ba su tafa ba.”

Sai kuwa jama'a suka tafa, raf-raf-raf, har da masu fito. Shugaba ya leƙa takardar da ke kan cikinsa. Abu uku ne a ciki. A hankali ya ninke ta ya tura aljihu.

A nan ne maganar ta isa kunnen Ɗumi-Ɗumi da ma'anarta. Ya tsaya cak. Ya buɗe wadda ke hannunsa, ya ga tunatarwarsa zaune daram cikin baƙin tawada, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ya zabura zai nufi gaba, ya taka bakin sabuwar riga, ya tafi da kujera uku da wani dattijo mai gyangyaɗi.

“Malam, tsaya! Kuskuren inji ne! A kashe lasifika!”

Aka kashe. Sai dai kowa na riƙe da tasa, shi da hannunsa ya raba. Mai aski ya haye kujera, ya ɗora daga inda aka tsaya, shi ba ya bukatar lasifika.

“Daga nan shugaba ya yanke ƙyalle, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, in famfon ya ƙi a cire layin nan, mai aikin famfo ya gaya mini ba a haɗa bututu ba tukuna, fenti kawai aka yi!”

Duk ido ya koma kan famfo. Wata mai sayar da kayan miya ta miƙe, ba ta jira almakashi ba, ta ture ƙyallen ta murɗa. Famfo ya yi tari sau biyu, ya saki iska, wani gizo-gizo ya fito a fusace ya gangara.

“La'ilaha illallahu! Wata shida muna jiran ruwa, ashe fenti za mu sha!” in ji mai kayan miyar.

Kasuwa ta rikice. Mata suka yi kan shugaba, shugaba ya yi kan mataimaki, mataimaki ya ce a nemo mai aikin famfo, mai aikin famfo kuwa tun a “Randa” ya ari ta kare. Shugaba ya kutso ya cafki Ɗumi-Ɗumi a hannun rigar da ya fi tsawo.

“Kai! Ka san ba a haɗa bututu ba?”

“Ranka ya daɗe, tun Laraba na sani, amma ai ba na bugawa ba ne...”

“Ji ɗan jarida!” in ji ɗan fanshon nan mai gyararren gemu. “Sau ɗaya a rayuwarsa ya samu labarin gaskiya, shi ne wanda ya so ya goge.”

“Saura layi biyu, jama'a!” mai aski ya ƙwala daga kan kujera. “A saurara, na manya ne. Cikin manyan baƙi har da mai wannan jarida, a yaba wa tsohuwa layi biyu a nan, in ta ji daɗi ta ƙyale mu da ɗakunan, ai ba ta karantawa sai hoto take kallo.”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya da ƙarfi. Mai aski ma ya sauko a hankali. Gwaggo ta sa tabarau, ta buɗe tata jaridar, ta bi layin da yatsa har ƙarshe, bakinta na motsi. Sannan ta ninke ta gida huɗu ta miƙe.

“Tsohuwa ta ji yabo. Allah Ya yi albarka.”

“Gwaggo, wallahi inji ne! Kuma ki duba fa, ko ɗaya ba ta rage ba, har rige-rige ake...”

“Ina gani, ai idona bai mutu ba. Mijina ya kafa ta don a karanta a san abin da ake ciki. Na gwammace in rufe ta da hannuna da a riƙa saye don a yi dariya.” Ta ɗaga murya. “Mai waya! Litinin da safe ka zo da masu fenti. Kai dai ka tabbata ka haɗa naka bututun.”

Mai gyaran waya ya ce to, da ladabi, alhali wayarsa na sama tun ɗazu yana ɗaukar komai.

Bayan la'asar Ɗumi-Ɗumi ya shigo gida, riga hannu ɗaya, hula a aljihu. Bai ce da ɗumi-ɗumi ba. Ya jawo kujera kusa da keken ɗinki, ya yagi takarda daga littafin makarantar yara, ya duƙufa yana rubutu. Can ya ɗago, idonsa ya ɗan dawo da haske.

“Maman yara, kin san wani abu? Yau ina da labarin da bai faru ba, kuma tabbas zai faru. Wannan ba mai zuwa da zarto.”

“A ina za ka buga?”

Ya dubi takardar, ya dubi bango.

“To karanta mini,” in ji ta, ta tsayar da keke. “Ni ce dubban jama'ar.”

Ya miƙe tsaye, ya gyara abin da ya rage na rigar. “Cikin alhini da juyayi, fitacciyar jaridar nan Tagar Gari ta rufe ƙofarta ranar Talata, bayan gagarumar nasarar da editanta...”

“Litinin.”

“Na'am?”

“Litinin Gwaggo ta ce. Ni da ban je ba ma na sani.”

Ya duba takardar, ya daɗe yana dubawa.

“To, sai a gyara a bugu na gaba,” in ji shi.

Ta taka kekenta ta ci gaba da ɗinki.